AMANAR MAGANI A LOKACIN FITINA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya jarrabi bayinsa da cuta, ya kuma hore musu magani, ya sanya nemansa cikin sabubban da ba su warware tawakkali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani aiki ne wanda ba kasafai ake ambatonsa a kan mumbari ba, alhali rayuka masu yawa sun rataya a kansa, wato kai magani da kayan asibiti ga mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu. Idan aka yi maganar agaji, hankalinmu yakan tafi ga mai bayarwa da mai karɓa. Amma tsakanin waɗannan biyu akwai hannuwa da yawa: mai lissafi, mai saye, mai tsaron mangaza, direba, sojan da ke kan shinge, mai gari, da ma'aikacin lafiyar da zai buɗe kwalin. Kowane hannu daga cikinsu yana riƙe da amana, kuma amanar magani ba ta cika sai da abu biyu a haɗe: gaskiya da sanin aiki.

MAFARIN MAGANA

Mu mutanen Guna ba mu yi nisa da babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai, ta ratsa Damagaram da Mirya, ta wuce Gure da Gudumariya da Maine-Sorwa har ta kai Difa ba. Daga Yamai zuwa Difa ya haura kilomita 1,300, daga Damagaram kuwa ya haura 450. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari a Boso da Difa, jama'a da yawa suka biyo wannan hanya suka sauka a Damagaram. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake afka wa Boso, kimanin mutum 50,000 suka watse, da yawansu suka kafa bukkoki a bakin kwalta. Gidajen likita da dama na karkara suka rufe, ma'aikatansu suka tsere da rayukansu.

A bazarar 2015 mu ma mun yi shela a masallaci. Jama'a suka kawo hatsi da tabarmi da tufafi, wasu kuma suka kawo ragowar magungunan da ke ɗakunansu. Muka zuba magungunan a buhu, aka ɗaure a saman mota, ta yini tana tafiya cikin rana. Ma'aikacin lafiyar da ya karɓa ya yi godiya, sa'an nan ya zazzage buhun a gaban wakilinmu yana warewa: wannan wa'adinsa ya wuce, wannan an buɗe shi, wannan ba a san sunansa ba domin babu kwalinsa, wannan na ruwa zafi ya canza kamanninsa. Hatsin da tabarmin sun amfanar, amma mafi yawan maganin wuta aka sa masa. Babu wanda ya ci amana a cikinmu, duk da haka ba mu warkar da kowa ba, har ma mun ƙara wa mai aiki wahala. Tun daga ranar muka fara tambayar masana wannan fanni, abin da muka fahimta kuma shi ne muke gabatarwa a nan.

ASALIN AL'AMARIN A SHARI'A

Tsare rai yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, ceton wanda ke bakin halaka kuma farillar kifaya ce: idan wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Tun da jinya ba ta yiwuwa sai magani ya iso, to ɗaukarsa da adana shi da tsare hanyarsa sun shiga cikin wannan farilla.

Mu dubi ƙissar Annabi Yusufu (A.S.). A aya ta 47 ta surarsa ya shawarci mutanen Misira da su bar hatsin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, domin ta haka ne zai jure shekaru bai ɓaci ba. Wannan ilimin ajiya ne, kuma kowane manomi da ke ɗura damman gero a rumbu ya san gaskiyarsa. A aya ta 55, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, sai ya ambaci siffofi biyu game da kansa, tsarewa da sani. Bai wadatu da ɗaya ba.

A zamanin Manzon Allah (S.A.W.), Rufaidatu Al'aslamiyya (R.A.) tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a hemarta aka kwantar da shi. A shekara ta 18, wadda ake kira Shekarar Toka, yunwa ta koro mutanen ƙauye zuwa gefen Madina. Sayyidina Umar (R.A.) ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, Halifa kuma ya naɗa mutanen da za su ƙirga baƙi su tsaya a kan rabo. A farkon ƙarni na huɗu kuma, waziri Aliyu ɗan Isa ya umarci likita Sinanu ɗan Sabit a Bagadaza da ya tura likitoci da taskar magunguna su zaga ƙauyukan Iraƙi, su zauna a kowane wuri gwargwadon buƙata. Ke nan wannan aiki gadonmu ne, ba baƙon abu ba.

MATAKAI BIYAR DA MAGANI KE BI

Na farko: sanin buƙata. Magani ba ya kama da hatsi wanda kowane ciki ke karɓa. Dole a san yawan mutanen, da yawan yara da masu juna biyu a cikinsu, da cututtukan da lokacin ke kawowa: sanƙarau da ƙyanda da rani, masassarar cizon sauro da tamowa da zawo da damina. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka tsara wani ƙunshi na gaggawa wanda aka auna shi ya ishi mutum 10,000 har wata uku, domin a fara da shi kafin a gama ƙidaya. Tun 1996 kuma hukumar ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani: kada a aiko sai abin da masu karɓa suka nema, ya zo da aƙalla shekara guda a gaban wa'adinsa, kuma rubutun jikinsa ya kasance cikin harshen da ma'aikatan wurin ke karantawa. Abin da ya faru a Bosniya, tsakanin 1992 da 1996, ya nuna hikimar waɗannan ƙa'idoji, domin an ƙiyasta cewa kimanin tan 17,000 na maganin da aka aika can ba shi da amfani, zubar da shi ma sai da ya zama wani nauyi. Wani lokaci kuma abin da ake buƙata ba ƙwaya ba ce. Da ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a jihar Difa a 2017, ya fi kashe mata masu ciki, sabulu da ruwa mai tsabta da maganin tsarkake ruwa su ne a kan gaba.

Na biyu: sanin asalin magani. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1995 ba. A cikin wannan annoba ƙasarmu ta sami kyautar allurar rigakafi daga Najeriya, masu bayarwa suna zaton mai kyau ce. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa ba ta narkewa yadda aka saba, da aka bincika sai aka tarar jabu ce, babu magani a cikinta. Kafin a gane, an riga an yi wa mutum sama da 50,000. Waɗannan bayin Allah sun koma gida da natsuwar cewa sun sami kariya, alhali ba su sami kome ba. An sake kama jabun allurar sanƙarau a ƙasar nan a 2015 da 2019. Darasin shi ne, magani ya fito ta ƙofar da aka sani, kamar ma'aikatar magunguna ta ƙasa, wato ONPPC, wadda ke da babbar mangaza a Damagaram, ko farmasi mai izini, kuma a rubuta lambar rukunin da aka yi shi a ciki, domin idan an gano aibi a san inda saura ya tafi. Yadda malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun san mazajen isnadinta, haka mai hankali ba ya karɓar allura sai ya san hannuwan da ta biyo.

Na uku: ajiya. Yawancin magunguna ana so kada zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 25 zuwa 30, mu kuwa bazararmu tana haura 40. Saboda haka ba a jibge kwali a ƙasa ko a jingina shi da bango, ba a barinsa a ƙarƙashin kwanon da ba shi da rufin ciki, ba a ɗaure shi a saman mota ba inuwa. Alluran rigakafi, da maganin masu ciwon sukari, da allurar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, tun daga masana'anta har zuwa ranar amfani. Wasu ma ƙanƙara ce ke kashe su, ba zafi kaɗai ba. A jikin kwalbar rigakafi akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiyarsa. Idan murabba'in ya yi duhu daidai da da'irar, zafi ya ci maganin, sai a zubar. Allurar ƙyanda kuwa idan an haɗa ta da ruwanta, ba ta wuce awa shida. A wurin da yaƙi ya yanke wuta, firiji mai aiki da hasken rana da akwatin sanyi su ne rumbun rayukan yara. Akwai kuma ƙa'idar fitarwa: wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ne ke fara fita, ko da shi ne ya zo daga baya. Mai mangazar da bai san wannan ba zai wayi gari ɗakinsa cike da kwalaye, amma babu abin ba maras lafiya.

Na huɗu: hanya. Kakanninmu sun san wannan ilimi. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, ayari yakan tashi daga nan ya bi ta Agadas ya ƙetare sahara, madugu kuma ba ya ɗaura kaya sai ya san rijiyoyin da ke gabansa, ya tura jagaba, ya daidaita da masu ƙasar da zai ratsa. Haka mai kai magani yake a yau. Dokar ta-ɓacin da aka kafa a jihar Difa a Fabrairun 2015 ta hana hawan babur saboda maharan da ke amfani da shi, alhali da shi ne ma'aikatan lafiya ke kai rigakafi ƙauyuka, masu jinya kuma ke kawo marasa lafiya. Sai aka koma ga motocin da ke zagawa da likita da maganinsa, suna bin mutane inda suka sauka. Ga kuma ambaliyar kogin Komadugu, kamar ta 2019 da ta 2022, wadda ke yanke ƙauyuka. Maganin wannan shi ne a kai kaya kusa da masu buƙata tun kafin damina ta sauka, kuma a raba shi wurare biyu ko uku, kada gobara ɗaya ko hari ɗaya ya cinye duka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba bindiga kaɗai ke tare hanya ba. Ƙasarmu ba ta da teku, yawancin maganinta kuma ta tashar jirgin ruwan Kotonu yake shigowa a da. Da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga Yulin 2023, kayan asibiti da na yara masu tamowa suka maƙale a tasha da bakin iyakar Benin, aka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso tare da rakiyar soji. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma maras lafiyar da maganinsa ya yanke a waɗancan watanni bai jira wannan rana ba. Al'ummar da ba ta da ajiyar wata da watanni, kuma hanya ɗaya ta sani, rayuwar marasa lafiyarta tana hannun wasu.

Na biyar: rabo da rubutu. Ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubutu da shaidu ta sauka. Kowane kwali ya tafi da takardarsa, mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya ƙirga kafin ya sa nasa, abin da ya fita kuma a rubuta shi a ranarsa. Wannan takarda tana kare direba a kan shinge, domin jami'an tsaro suna da haƙƙin tabbatar da inda kaya ya nufa. Tana kuma kare mutumin kirki daga zargi. Wanda ya ji haushi don an ce ya kawo lissafi bai fahimci amana ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

MAS'ALOLI HUƊU

Ta ɗaya: wanda magani ya lalace a hannunsa, ko zai biya? Malamanmu na Malikiyya sun bayyana a babin ajiya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala, cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta halaka ba da laifinsa ba, amma idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, lamuni ya hau kansa. Direban da mahara suka ƙwace wa kaya ba shi da laifi. Amma wanda ya kashe firijin rigakafi don ya ja wutar zuwa ɗakinsa, ko ya tsaya da akwatin sanyi cikin rana yana cin kasuwarsa, ya yi sakaci. Mafi muni shi ne ya ɓoye, ya bari a yi wa yara allurar da ya san ta mutu. Wanda kuma ya san bai iya aikin ba, kada ya karɓa, ko ya koya kafin ya karɓa.

Ta biyu: ɗiba daga kayan agaji. Wannan yana cikin ma'anar gululu, wanda aya ta 161 ta Ali Imrana ta yi gargaɗi a kansa. Ya inganta cewa bayan yaƙin Haibara kibiya ta kashe wani mai yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima, mutane suka yi masa zaton Aljanna, sai Manzo ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka kafin a raba ganima yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya ke nan. Abincin nan na gyaɗa da madara mai suna Plumpy'Nut, wanda ake ba yara masu tamowa mai tsanani, kwalinsa yana ɗauke da ƙunshi 150, gwargwadon jinyar yaro ɗaya ta mako shida zuwa takwas. Wanda ya karkatar da kwali guda, yaro guda ya ɗauke wa magani.

Ta uku: sayen irin wannan kaya. Muna ganinsa a kasuwanninmu, a kan tire tare da alawa, muna ganin sange da ƙwayoyin masassara waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa ba na sayarwa ba ne. Malamai sun ce wanda ya sayi abin ƙwace yana sane, hukuncinsa ɗaya da mai ƙwacen. Da babu mai saye, da ɓarawo bai ɗauka ba. Idan kuwa uwa ce ta sayar da rabon ɗanta saboda babu hatsi a gida, to laifin ya taɓa mu maƙwabta da muka ƙoshi muka bar ta. A taimake ta da gero, a bar wa yaro maganinsa.

Ta huɗu: tare hanyar magani ko taɓa ma'aikatansa. Da Sumamatu ɗan Usal (R.A.), shugaba a Yamama, ya musulunta, sai ya hana alkama zuwa Makka. Ƙuraishawa suka kai kuka ga Manzon Allah (S.A.W.), alhali suna gaba da shi, sai ya rubuta wa Sumamatu ya sakar musu hanya. Idan ba a yarda a horar da abokan gaba da yunwa ba, da wace hujja za a hana jariri magani? A 2018 aka kashe ungozoma biyu musulmai waɗanda aka sace a garin Rann na jihar Borno. A 2019 aka kai hari a ofishin MSF na Maine-Sorwa, aka ƙone motoci, ƙungiyar ta rufe aikinta a wurin, asarar kuma ta faɗa kan talakawa. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, ko da wane suna aka kira ta. Yarjeniyoyin Janeba na 1949 da ƙuduri mai lamba 2286 na Kwamitin Sulhu, na shekarar 2016, sun hana taɓa masu jinya da motocinsu, musulmi kuwa ya fi kowa cancantar kiyaye wannan. Haka nan haramun ne a ɓoye makami a motar marasa lafiya, domin yaudara ce, kuma tana jawo a daina amincewa da kowace mota bayanta. Wajen ba da magani kuma ba a tambayar maras lafiya ƙabilarsa ko addininsa.

ABIN DA YA HAU KANMU

Muna kira ga rassan ƙungiyarmu da limaman ƙauyukanmu a kan abubuwa huɗu. Idan za mu yi gudummawa, mu fara tambayar shugaban gidan likita abin da ya rasa, mu tara kuɗi a saya ta ƙofar halal, mu daina tara ragowar ƙwayoyi. Mu naɗa mutum biyu a kan kowace ajiya, da littafin da ake karantawa a gaban jama'a. Mu yi wa masu kasa magani a rana nasiha, mu kuma hana iyalanmu sayen kayan agaji. Sa'an nan mu tura ƴaƴanmu, maza da mata, su koyi aikin farmasi da jinya da lissafin mangaza, tare da karatun addininsu, domin a sami wanda ya haɗa tsoron Allah da sanin aiki. Wanda ya tashi cikin dare ya duba sanyin firiji, ba mai ganinsa sai Allah, to yana cikin ibada idan ya kyautata niyya.

Allah ya kashe wutar fitina a ƙasashenmu, ya mayar da ƴan gudun hijira gidajensu cikin aminci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu kai musu ɗauki a kan hanyoyinsu, ya sanya mu cikin masu cika amana. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.